Rogo Da Rake A Tankin Mota: Kada A Faɗaɗa Gona Sai An Ga Mai Saye

Ya ku malaman gona da 'yan'uwa manoma, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, maganar mai ta shiga cikin kowane lissafi na gona. Mai injin ban ruwa yana ƙirga litar da zai ƙona kafin ya shayar da fadamarsa, mai injin niƙa ya ƙara kuɗi, haka ma direban da ke kwaso amfani daga gona zuwa kasuwa. A cikin wannan hali ne wata tsohuwar magana ta sake tasowa, wato cewa ana iya mayar da rogo da rake man mota, kuma wai duk wanda ya riga kowa faɗaɗa gonarsa shi zai kwashi garaɓasa. Masu yaɗa maganar sukan kafa hujja da motocin tsere na ƙasashen waje, su ce idan motar da ta fi kowace gudu tana shan man da aka samo daga gona, to kakar manomi ta yanke saƙa.

Ra'ayinmu a nan shi ne: ilimin da ke bayan wannan magana gaskiya ne, babu ja a cikinsa. Amma ribar ba ta isa ga manomi sai ta hanyar masana'anta mai aiki, da yarjejeniya a rubuce, da gonar da ke ba da yabanya mai yawa. Duk wanda ya ƙara hekta ɗaya ta rogo saboda jita-jitar man mota, alhali bai ga waɗannan abubuwa uku ba, to cinikin biri a sama ya yi. Za mu bi maganar daga tushe domin malamin gona ya sami abin da zai amsa wa manomi da shi.

Mene ne etanol, mene ne kuma oktan?

Etanol wani ruwan sinadari ne mai kama wuta, dangin barasa, wanda ake samu daga duk amfanin gona mai zaƙi ko mai sitaci. Idan rake ne ko takanɗa, sai a matse ruwan a zuba masa yis, yis ɗin ya cinye sukarin ya mayar da shi etanol. Idan rogo ne ko masara, sai an fara dafa sitacin an zuba masa wasu sinadarai da ke farfasa shi ya koma sukari, sannan a ba yis. Daga nan a tafasa ruwan a tara tururinsa. Tafasawa kaɗai ba ta wuce kashi 95 zuwa 96 cikin ɗari na tsarki, sauran ruwa ne. Shi kuwa etanol ɗin da ake haɗawa da fetur dole ne a tsane masa wannan ruwan da na'ura ta musamman har ya kai kusan kashi 99 da rabi. A riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Shi kuma oktan ma'auni ne na juriyar mai. A cikin injin fetur, fistan yana matse cakuɗen mai da iska a cikin silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tura fistan ƙasa. Idan man ba shi da juriya, zafi da matsi sukan sa wani sashensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. A lokacin ne ake jin inji yana wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfinsa ya ragu, idan abin ya daɗe kuma fistan ya lalace. Man da lambar oktan ɗinsa ta fi yawa shi ya fi jure matsi. Fetur na yau da kullum a yawancin ƙasashe yana tsakanin 91 da 95 a ma'aunin da ake kira RON, shi kuwa etanol zalla yana kusan 108. Idan aka zuba kashi 10 na etanol a cikin kashi 90 na fetur, wato haɗin da ake kira E10, lambar takan ɗaga da maki 2 zuwa 3.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Yawan oktan ba ya nufin yawan ƙarfi a cikin lita. Hasali ma, makamashin da ke cikin litar etanol bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ke cikin litar fetur ba. Motar da ke shan E10 takan ƙara shan mai da kimanin kashi 3 cikin ɗari, wadda ke shan E85 kuwa, wato haɗin da etanol ya rinjaya, takan ƙara da kashi 25 zuwa 30.

Abin da masu motocin tsere suka gano

To, me ya sa masu motocin tsere da masu gyaran mota don ƙara mata gudu suke son etanol duk da haka? Dalilai biyu ne. Na farko, man da ke jure matsi yana ba maƙerin inji damar ƙara matsin, ko ya ɗaura turbo mai cusa iska da yawa a cikin silinda, ba tare da man ya fashe kafin lokaci ba. Ƙarin matsi da ƙarin iska su ke kawo ƙarin ƙarfi. Na biyu, etanol yana shanye zafi sosai lokacin da yake komawa tururi, fiye da ninki biyu na fetur, saboda haka yana sanyaya iskar da ke shiga inji. Iska mai sanyi ta fi nauyi, kuma ta fi wuyar fashewa da kanta.

Wannan ya sa gasar IndyCar ta Amurka ta bar metanol ta koma etanol a shekarar 2007, gasar NASCAR ta fara amfani da E15 a 2011, gasar Formula 1 kuma ta ɗauki E10 a 2022. A Amurka ɗin nan, masu motoci masu turbo sukan nemi E85 a gidan mai domin lambarsa ta haura 100, kuma ya fi man tsere na musamman araha nesa ba kusa ba. Sai dai babu ɗayansu da ke zuba shi haka kawai ya tayar da mota. Fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo na mai, etanol kuwa kilo 9 kacal, don haka dole a sa famfon mai da bututun fesa mai waɗanda suka fi girma, a canza robobi, a sake tsara kwamfutar injin. Idan ba a yi haka ba, man da ke isa silinda zai yi kaɗan, zafi ya yi yawa, inji ya ƙone. Su kuma ba su damu da yawan shan mai ba, tunda gudu suke nema.

Darasin da ke cikin wannan ga manomi shi ne, darajar etanol tana cikin gyaran da yake yi wa fetur, kuma gyaran ba ya amfani sai ga injin da aka shirya masa. Ban da haka, duk man da motocin tsere na duniya ke ƙonawa ɗigo ne a cikin kogi. Kasuwar da za ta iya ɗaukar rogon manomi ita ce ta motocin haya da manyan tituna.

Daga dalma zuwa amfanin gona

Neman abin da zai ɗaga oktan ya daɗe. Tun daga 1923 aka fara sayar da fetur mai haɗe da sinadarin dalma a Amurka, duniya kuma ta bi sahu. Dalma ta yi aikin da ake so a cikin inji, amma hayaƙinta ya shiga jinin mutane ya cutar da ƙwaƙwalwar yara. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar haƙar zinariya ce, ba ma buƙatar dogon bayani kan illarta. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Wani sinadarin da ya maye gurbin dalma a Amurka, mai suna MTBE, an same shi yana gurɓata ruwan rijiyoyi, jihohi da dama suka hana shi. Da haka etanol ya sami shiga. A yau kusan duk fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yana ɗauke da kashi 10 na etanol, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar a can take ƙarewa. Matatun mai sukan tace fetur mai ƙarancin oktan da gangan, domin ya fi sauƙin kuɗi, sannan su cike gurbin da etanol.

Birazil ce ta fi kowa nisa. Bayan tashin farashin mai na 1973, gwamnatinta ta kafa shirin Proálcool a 1975, ta ba masana'antun rake bashi mai sauƙi, ta tilasta haɗa etanol da fetur, ta sa gidajen mai su sayar da shi. A 1979 aka fitar da Fiat 147 mai shan etanol zalla, kafin tsakiyar shekarun 1980 kuma mafi yawan sababbin motocin ƙasar irinta ne. Amma da farashin ɗanyen mai ya faɗi, na sukari ya tashi, sai masana'antu suka juya ga sukari. A 1989 da 1990 etanol ya yi ƙaranci a gidajen mai, masu motoci suka shiga layi, jama'a suka juya wa motar etanol baya. Kasuwar ba ta farfaɗo sosai ba sai a 2003, da aka fito da motoci masu iya shan kowane irin haɗi. A 2015 ƙasar ta kai haɗin dole zuwa kashi 27, a watan Agustan 2025 kuma zuwa kashi 30. Direban Birazil yana da ƙa'idarsa mai sauƙi: ba ya sayen etanol zalla sai farashinsa ya gaza kashi 70 cikin ɗari na farashin fetur.

Tailan kuma, wadda ta fi kama da mu ta fuskar rogo, tana yin etanol daga busasshen rogo da kuma molasis, wato baƙin ruwa mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake. Indiya ta kai haɗin kashi 20 a 2025. Abin lura a dukkan waɗannan ƙasashe shi ne, doka da masana'anta da gidan mai su suka fara tsayawa, sannan buƙata ta isa ga manomi.

Ina muka kwana a Nijeriya?

Maganar ba sabuwa ba ce a wurinmu. A 2005 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya buɗe sashen makamashi mai sabuntuwa, a 2007 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man da ake samu daga tsirrai. Manufar ta tanadi haɗin E10, ta ambaci rogo da rake a cikin amfanin da za a yi aiki da su, ta kuma yi wa masu zuba jari alkawarin rangwamen haraji na shekara 10. An ambaci wurare a jihohi da dama da za a kafa masana'antu. Duk da haka, har yau E10 bai zama man da ake sayarwa a gidajen mai na ƙasar nan ba. 'Yan masana'antun da ke yin etanol daga rogo, kamar a jihohin Ogun da Kogi, suna sayar da shi ne ga masu haɗa magunguna da turare da kayan shafawa da abin sha, kuma har yanzu ana shigo da mai yawa daga waje domin cike giɓi.

Dattawan manoman rogo kuma ba su manta da abin da ya biyo bayan shirin rogo na shugaban ƙasa na 2002 da umarnin haɗa kashi 10 na garin rogo a cikin fulawar burodi na 2005 ba. An yi shela, manoma suka amsa, aka faɗaɗa gonaki. Da lokacin cira ya zo, da yawa ba su sami mai saye ba, farashi ya faɗi, wasu suka bar rogon a ƙasa har ya yi itace. Laifin ba na rogo ba ne, ba kuma na manomi ba. An kira shi ya noma kafin a gina inda zai kai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Lissafin da ya kamata kowane malamin gona ya sani

Tan ɗaya na ɗanyen rogo mai sitaci sosai yana ba da lita 150 zuwa 180 na etanol. Tan ɗaya na rake yana ba da 70 zuwa 85, na molasis kimanin 250, na masara kuwa kusan 400. Bari mu ɗauki lita 160 ga tan na rogo. Nijeriya tana shan kimanin lita miliyan 50 na fetur a kullum. Kashi 10 na wannan shi ne lita miliyan 5 a rana, wato wajen lita biliyan 1.8 a shekara. Idan daga rogo kaɗai za a samo shi, ana buƙatar sama da tan miliyan 11. Ƙasar nan ita ce ta ɗaya a duniya a noman rogo, da kimanin tan miliyan 60 a shekara, saboda haka kusan kashi ɗaya cikin biyar na rogonmu ke nan zai bar tukunya ya koma tanki.

Wannan rogon kuwa ba rara ba ne. Shi ne garin kwaki da alabo da fufu da miliyoyin gidaje ke dogaro da su. A janye kashi ɗaya cikin biyar daga kasuwar abinci, mudun gari zai gaya wa kowa. An ga irin haka a Meksiko a farkon 2007, lokacin da farashin wainar masararsu ya tashi har jama'a suka fita zanga-zanga, kuma ƙaruwar buƙatar masara don etanol a Amurka tana cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki. Dalili ke nan da ya sa muke ganin kada a kusanci masara da dawa da wannan magana a ƙasarmu, inda mutane da kaji ke takara a kan buhu ɗaya.

Mafita tana cikin yabanya. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Nijeriya bai kai tan 10 ba, alhali a Tailan yana kusan tan 20, kuma ingantattun iri kamar TME 419 da TMS 30572 da NR 8082, waɗanda cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike da cibiyar IITA ta Ibadan suka yaɗa, suna iya ba da tan 25 ko fiye idan an kula da su. Hekta mai tan 8 lita 1,280 za ta bayar, mai tan 25 kuwa lita 4,000. Tunda gonakin rogonmu sun haura hekta miliyan 6, ƙarin tan 2 kacal a kowace hekta ya isa ya samar da duk rogon da E10 ke buƙata, ba tare da an sare daji ko an taɓa abincin kowa ba.

Ta ɓangaren rake kuma, ƙasar nan tana shigo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen sukarin da take tacewa, yawancinsa daga Birazil. Ba hikima ba ce a matse rake don mota alhali ana sayo sukari da kuɗin waje. Abin da ya dace shi ne masana'antun sukari, irin na Numan a Adamawa da na Sunti a jihar Neja, su mayar da molasis ɗinsu etanol, su ƙona tuƙar rake su samar da wutar da za su yi aiki da ita, kamar yadda ake yi a Birazil.

Masu cewa a fara noma tun yanzu

Akwai masu ganin wannan taka-tsantsan ya yi yawa. Hujjarsu ita ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu mai jari da zai gina masana'anta a inda bai ga rogo jibge ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Masana'antar da ke fitar da lita 30,000 a rana tana buƙatar kusan tan 190 na ɗanyen rogo kowace rana, rani da damina, kuma rashin samun wannan ya durƙusar da masu sarrafa rogo da dama.

Amma a duba wanda ke ɗaukar asara idan lissafi ya ƙi. Mai jari yana iya jinkirta gininsa shekara ɗaya ko biyu, kuɗinsa na nan a banki. Shi kuwa rogo, da an cire shi daga ƙasa yakan fara baƙi cikin kwana 2 zuwa 3. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa ruwa ne, don haka wanda ya ɗauke shi zuwa nesa ruwa yake biya wa kuɗin mota. Manomin da ya ci bashi ya shuka hekta 5 ba shi da ikon jira, kuma mai saye ya san haka. Saboda haka shirin da ya dace da manomi shi ne ya ninka abin da gonarsa ta yanzu ke bayarwa. Idan masana'anta ta zo, ta same shi da rogo mai yawa da kuɗin nomansa ya yi sauƙi. Idan ba ta zo ba, masu gari da masu sitaci suna nan, bai yi saki-reshe-kama-ganye ba.

Abubuwan da za a tabbatar kafin a ƙara hekta

Idan wakilin wani kamfani ya zo ƙauyenku da maganar noman rogo ko rake don etanol, malamin gona ya taimaki manoma su tabbatar da waɗannan abubuwa:

1. A je a ga masana'antar da ido, a tabbatar tana aiki. Allon sanarwa da harsashin gini ba sa sayen rogo.

2. A auna nisa da yanayin hanya a tsakiyar damina. Rogon da ba zai isa cikin kwana ɗaya da cirewa ba, sai dai a yanka shi a shanya. Tan 2 da rabi na ɗanye ke ba da tan 1 na busasshe, kuma dole a san tun farko ko masana'antar tana karɓar busasshe.

3. A yi yarjejeniya a rubuce da sunan ƙungiyar gama kai, a bayyana mafi ƙarancin farashi, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar biya, da abin da zai faru idan mota ba ta zo ba bayan an cire rogo.

4. A san yadda za a auna. Masana'antu kan biya gwargwadon yawan sitaci, saboda haka wakilin manoma ya tsaya a gaban sikeli da wurin gwaji. Sitaci yakan ragu idan rogo ya sake toho bayan ruwan farko, don haka lokacin cira ma ya shiga cikin yarjejeniya.

5. Idan za a ba da iri ko taki bashi, a rubuta farashinsu tun ranar karɓa.

6. Kada a ba da gonar abincin gida. Abin da iyali za su ci shi ne farko.

7. A tambayi inda ruwan dagwalon masana'antar zai tafi. Kowace litar etanol tana barin lita 10 zuwa 15 na wannan ruwa. Idan aka sarrafa shi yana zama taki ko iskar girki, idan aka sake shi cikin rafi kuwa yana kashe kifi ya ɓata ruwan sha.

A gona kuma, aikin shi ne wanda muka daɗe muna faɗa. A samo lafiyayyen karan rogo daga amintaccen wuri, a yanka tsawon santimita 20 zuwa 25 mai gaɓa 5 zuwa 7, a shuka mita 1 tsakani ta kowane gefe domin a sami tushe 10,000 a hekta. A hana ciyawa sakat a watanni 3 zuwa 4 na farko, domin a nan ake yin babbar asara. A sa taki gwargwadon shawarar malamin gona, a lura cewa rogo yana kwashe sinadarin fotash da yawa daga ƙasa, a kuma riƙa juya shi da wake ko gyaɗa.

Gargaɗi game da injinan gona

Saboda tsadar mai, ana iya samun masu zuwa da wani ruwa a jarka su ce etanol ne, a haɗa da fetur a rage kashe kuɗi. Kada ku yarda. Mun riga mun faɗa cewa wanda aka tafasa kawai yana ɗauke da ruwa. Idan ruwan ya yi yawa a cikin haɗin, etanol da ruwa sukan rabu da fetur su kwanta a gindin tanki, inda inji ke zuƙa, sai ya ƙi tashi ko ya mutu a tsakiyar aiki. Etanol yana kuma jawo laima daga iska, yana cin tsofaffin robobi da tiyo, yana sa tsatsa a cikin kafireta, musamman a injin da ake ajiyewa wata da watanni kamar na ban ruwa. Injin ban ruwa da janareta da babur da injin niƙa masu ƙarancin matsi ne, ƙarin oktan ba zai ƙara musu komai ba, sai dai ƙarin shan mai. Injin dizal kuwa, irin na tarakta, etanol ba abincinsa ba ne ko kaɗan.

Ku tuna da abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan, motoci suka lalace, aka janye man, aka shiga dogayen layuka. Wannan a hannun manyan dillalai ke nan masu ɗakunan gwaji, balle a hannun mai jarka. Metanol ɗin nan kuma guba ne mai makantarwa da kisa, shi ya hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015 da suka sha barasar gida mai ɗauke da shi, kuma ido ba ya bambanta shi da etanol. Haɗa mai aikin daffo ne da ke ƙarƙashin sa idon hukuma.

Wasu manoma sukan yi tambaya ta fuskar addini, tunda etanol dangin barasa ne. Abin da malamin gona zai bayyana shi ne, wanda ake yi don mota ana gauraya shi da fetur tun a masana'anta domin kada ya shawu. Amma kamar yadda muka ambata, ba duk masana'anta ce ke yi don mota ba. Manomi yana da haƙƙin ya tambayi inda kayan za su, sannan ya kai cikakken bayanin ga malamansa su ba shi fatawa.

Kammalawa

Muna goyon bayan Nijeriya ta haɗa etanol da fetur. Yanzu da matatar Dangote ta fara fitar da fetur tun watan Satumban 2024, akwai wurin da za a yi haɗin a cikin gida, kuma kuɗin da zai tafi waje zai iya komawa ƙauye. Amma aikin farko na gwamnati ne da masu jari: doka tabbatacciya da ba ta canzawa da canjin gwamnati, masana'antu kusa da gonaki, hanyoyin karkara, da farawa da molasis kafin a taɓa abinci. Aikin cibiyoyin bincike shi ne su wadata manoma da iri mai yawan sitaci. Ku malaman gona, idan manomi ya tambaye ku ko ya ƙara gona saboda man mota, ku tambaye shi tan nawa hektarsa ta bayar bara, wa kuma ya sa hannu zai saya bana. Idan amsar farko ba ta kai tan 20 ba, ta biyu kuma babu kowa, to ku koma tare da shi gonar da yake da ita, ku fara daga iri da ciyawa da taki. Allah Ya ba mu damina mai albarka.